FILIN KASUWA: Mai Sayar Da Kayan Da Ba Ya Hannunsa

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Amma duk wanda ya ke zaune a birnin Gombe, yana kuwa da wayar hannu irin ta zamani, ya san an shigo lokacin da a ke yin wannan ciniki dare da rana, har mutane da yawa suna ci suna sha a cikinsa. Daga Jekadafari zuwa Pantami, daga Bolari zuwa Tumfure, da wuya a sami unguwar da ba ta da matar aure, ko ɗalibi, ko ƙaramin ma'aikaci, wanda ya ke baje hotunan atamfa da leshi da takalma da tukwane da agoguna a WhatsApp ko Facebook ko Instagram, alhali kuwa ko ƙyalle ɗaya babu a ɗakinsa. Kayan suna can Kano, ko Ikko, watau Legas, ko ma ƙasar Sin. Idan mai saye ya biya, sai mai hoton ya tura wa mai kayan kuɗinsa, ya riƙe abin da ya ɗora a kai, mai kayan kuma ya aika wa mai saye kai tsaye.

Turawa suna kiran wannan sana'a dirof-shifin. A wannan fili za a kira ta cinikin hoto, domin hoto shi ne dukan abin da mai sana'ar ya mallaka. Masu tallar ta suna cewa ciniki ne wanda ba ya bukatar jari, ba haya, ba sito, ba faɗuwa. Maganar jari da haya gaskiya ce. Maganar faɗuwa kuwa akwai gyara a cikinta, sabo da wanda bai zuba kuɗi ba ya zuba sunansa, suna kuwa idan ya zube ya fi kuɗi wuyar kwasa. Kafin a gane haka sosai, wajibi ne a fara duba tsohuwar hanyar sari da a ke rarraba kaya da ita, wadda a kanta wannan sabon ciniki ya ke tsaye.

GOMBE GARIN SARI

Tun asalinsa birnin Gombe wurin tara kaya ne da rarraba su. A shekarar 1919 aka dawo da hedkwatar masarauta daga Nafada zuwa Doma, inda birnin ya ke a yanzu. A 1956 aka kafa injin gurzar auduga, wanda har yau akwai unguwar da a ke kira da sunan kamfaninsa, watau BCGA. A 1963 jirgin ƙasa ya iso daga Bauci, a shekarar da ta biyo baya kuma ya ƙarasa Maiduguri. Ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka ƙirƙiro Jihar Gombe, wadda ta yi iyaka da Barno da Yobe da Adamawa da Taraba da Bauci. Garin da ya ke tsakiyar jihohi biyar, ko bai nema ba, sai ya zama zangon kaya. Shi ya sa 'yan tireda na Kumo da Billiri da Kaltungo da Dukku da Bajoga, har da na Biu, su ke shigowa Babbar Kasuwar Gombe su yi sari su koma.

Hanyar sari kamar matakala ta ke. A can sama akwai masana'anta, ko mai shigo da kaya daga ƙasashen waje. Ƙarƙashinsa akwai babban dila, wanda ya ke ɗaukar kaya mota-mota. Sa'an nan ɗan sari, mai ɗaukar dila guda ko katan goma ko dozin ashirin. A ƙarshe sai ɗan kiri, mai shago ko mai tebur, wanda ya ke sayarwa ɗai-ɗai. Simintin Ashaka, wanda aka fara yi a 1979, ta wannan matakala ya ke saukowa: daga tirela zuwa sito, daga sito zuwa shago, daga shago zuwa magini mai neman buhu uku. A zamanin da, manyan kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt da CFAO su ne a saman matakalar, attajiran ƙasa suna yi musu wakilci. Marigayi Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya fara sayen gyaɗa wa Kamfanin Neja tun 1918. Dokokin mai da harkokin ciniki hannun 'yan ƙasa, na 1972 da 1977, su ne su ka ƙara buɗe wa 'yan Nijeriya ƙofar hawa matakan sama.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa waɗannan na tsakiya ba sa aikin kome sai ƙara wa kaya tsada. Wannan ba daidai ba ne. Ɗan sari yana yin ayyuka huɗu waɗanda ba a ganin su sai ranar da babu shi. Na farko, yana fasa babban kaya ya mai da shi ƙanana, domin masana'anta ba ta sayar da turmi ɗaya. Na biyu, yana ajiye kaya kusa da masu bukata, ya biya haya da mai gadi. Na uku, yana ba 'yan kiri bashi, su sayar su kawo kuɗi ranar kasuwa mai zuwa. Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, yana buɗe kaya ya gani da idonsa, idan kuwa sun lalace ko yayinsu ya wuce, a wuyansa asarar ta ke. Ribar da ya ke ci ladan waɗannan ayyuka ce. Duk wanda ya tsallake ɗan sari, ayyukan nan huɗu ba su ɓace ba, sai dai sun koma kan wani.

YADDA CINIKIN HOTO YA KE TAFIYA

Abubuwa uku ne su ka haɗu su ka haifi wannan sana'a a Nijeriya. Na ɗaya, wayar hannu, wadda ta fara aiki a 2001. Na biyu, kantunan intanet irin su Jumia da Konga, waɗanda aka buɗe a 2012, su ka saba wa jama'a da sayen abin da ba su taɓa ba. Na uku, saukin tura kuɗi ta waya, musamman bayan ƙarancin takardun naira da aka yi fama da shi a farkon 2023, lokacin da hatta mai kayan miya ya koyi karɓar tiransifa ta bankuna da kamfanoni irin su OPay da Moniepoint.

A Gombe cinikin iri biyu ne. Akwai na cikin gida, shi ne kuwa ya fi yawa. Mai shago a Kantin Kwari ta Kano, ko a Balogun ta Ikko, ko mai ɗinka takalma a Ariariya ta Aba, ya kan buɗe zaure a WhatsApp ya tara masu tallar kayansa, kullum safiya ya zuba musu hotuna da farashin sari. Su kuma su kwashe hotunan su ɗora nasu farashin su baza. Da an sami mai so, ya tura kuɗi, sai mai hoton ya sanar da mai shago, a naɗe kayan, a rubuta suna da lambar wayar mai saye a jikin ƙullin, yaron shago ya kai tasha. Direban motar Gombe ya karɓa, a biya shi kuɗin saƙo, idan ya iso ya buga waya a zo a ɗauka, ko a ba ɗan acaɓa ko mai Keke NAPEP ya ƙarasa da shi gida. Wannan shi a ke ce wa webil. Kayan Kano su kan iso a yini ɗaya ko biyu, na Kudu su kan ɗan fi haka.

Na biyu shi ne na ƙetare. Kamfanin Alibaba, wanda Jack Ma da abokansa su ka kafa a ƙasar Sin a 1999, ya buɗe kantin AliExpress a 2010, inda kowa zai iya sayen abu ko da guda ɗaya ne daga 'yan kasuwar can. Akwai kuma wakilai a biranen Gwangzu da Yiwu, cikinsu har da Hausawa, waɗanda su ke saye su tara su auna da kilo, su turo ta jirgin sama ko na ruwa zuwa Kano ko Ikko. A nan jira ya fi tsawo, na jirgin sama makonni, na ruwa watanni, ga kuma kwastan a tsakani. Wani sabon abu shi ne, a ƙarshen 2024 kantin Temu ya shigo Nijeriya yana sayar wa jama'a kai tsaye daga Sin. Ma'anar wannan ita ce, mai saye da kansa yana iya ganin farashin da mai hoton ya ke ɓoye masa.

DILLANCI NE, AMMA DA SAURA

Idan aka lura, sayar da kayan wani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Akwai dillali, mai haɗa mai saye da mai sayarwa ya karɓi la'ada. Akwai dillaliya, mai ɗaukar zannuwa da kwanuka da sarƙoƙi gida-gida, ta kai wa matan kulle. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu a 1969 a kan irin cinikin da mata su ke yi daga cikin gidajensu ba tare da sun taka kasuwa ba. Akwai fatoma, mai saukar da fatake, ya ajiye musu kaya, ya nemo musu masu saye. Wani masani mai suna Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969 yadda masu gidajen baƙi a unguwar Sabo ta Badun su ke tsaya wa cinikin shanu da goro, har idan mahauci ya ci bashi ya ƙi biya, maigidan ne zai nemo wa bafatake kuɗinsa. A manyan kasuwanni kuma har yau akwai 'yan ka-yi-na-yi, waɗanda ba su da shago, sai dai su tari baƙo su zaunar da shi, su zagaya su ɗauko masa kaya daga shagon wani.

Sabo da haka mai cinikin hoto jikan dillaliya ne. Amma akwai abubuwa biyu da kakar ta ke da su, jikan ya rasa. Na farko, dillaliya tana riƙe da zanen a hannunta. Uwargida za ta warware shi, ta murza, ta ɗaga shi ga haske, wata har ta ɗanɗana bakinsa ta ji ko gishiri da sitaci sun yi yawa, sa'an nan a yi ciniki. Gani ya kori ji. Na biyu, kowa ya san dillaliya dillaliya ce, an san kayan ba nata ba ne, an san la'adarta, an san gidan da za a koma idan magana ta taso. Mai cinikin hoto kuwa sau da yawa ya kan bari a ɗauka shi ne mai kayan. Bai gan su ba, bai taɓa su ba, wani ma bai taɓa haɗuwa da mai shagon ido da ido ba, amma shi ne ya ke rantsuwa cewa kayan masu kyau ne.

LISSAFIN RIBA

Ga misali, da adadin da aka ɗauka don sauƙin lissafi kawai. A ce mai shago a Kwari yana ba da turmin atamfa a kan N18,000. Wata mai talla a Gombe ta sa shi N21,000. A ido ribarta N3,000 ce. Amma za ta ba yaron da ya kai tasha N300, data da kuɗin talla su ci N500, cajin banki da kiran waya su ci N200. Abin da ya rage N2,000. Mai saye kuma za ta biya kuɗin saƙo N1,500, watau turmin ya tsaya mata a kan N22,500.

To, a ce turmi ɗaya ya iso, mai saye ta ce ba wannan launin ta gani a hoto ba, mai shago kuma ya ce shi ba ya karɓar kayan da su ka fita. Idan mai tallar tana son sunanta, dole ta mai da kuɗi ta rungumi atamfar. N18,000 ke nan ta maƙale, ribar turmi tara cif. Kuskure ɗaya ya cinye guminta na ciniki tara, ita da aka ce mata sana'ar ba ta da faɗuwa.

A gefe guda kuma ga ɗan sari a Babbar Kasuwa. Shi ya ɗauki turmi 50 a kan N16,500 kowane, sabo da mai ɗaukar da yawa a kan rage masa. Kuɗin kaya N825,000, kuɗin mota N15,000, jimla N840,000, watau kowane turmi ya iso masa a kan N16,800. Ko ya sayar N20,000 ya ci N3,200, ya fi mai hoton riba, ya kuma fi ta araha, ga shi mai saye ta taɓa kayan kafin ta biya. Sai dai shi ya binne N840,000, idan kuwa yayin zanen ya wuce kafin ya ƙare, shi kaɗai zai ji a jikinsa. Wannan shi ne bambancin sana'o'in biyu. Ɗan sari yana caca da kuɗinsa. Mai hoto yana caca da amanar da jama'a su ka ba shi.

INDA IGIYA TA KE TSINKEWA

Rigimar cinikin hoto kusan kullum daga wurare biyar ta ke tasowa. Akwai ƙarewar kaya: hoton da aka baza da safe, mutum ɗari ne su ke tallarsa a garuruwa dabam-dabam, kafin kuɗin Gombe su isa wani ya riga ya kwashe, sai mai shago ya sako mai kama da shi. Akwai bambancin hoto da zahiri, domin fitila da gilashin waya suna ƙara wa kaya kyaun da ba su da shi. Akwai jinkirin hanya da ɓatan saƙo a tasha, inda sau da yawa babu rasit, sai lambar direba. Akwai masu damfara, waɗanda su ke buɗe zaure da hotunan shagon wani, su tara kuɗin masu talla su rufe waya. Sa'an nan akwai canjin farashi. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya tana wajen N460 a farashin gwamnati. Bayan Babban Banki ya saki naira a watan Yuni na shekarar, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 ta haura N1,500. Janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, shi kuma ya ɗaga kuɗin mota. Wanda ya karɓi kuɗin mutane a kan tsohon farashi, ya je saye ya tarar da sabo, ko dai ya cika daga aljihunsa, ko ya koma yana ba da haƙuri.

A duk waɗannan wurare biyar, laifin yana iya zama na mai shago, ko na direba, ko na canji. Amma mai saye ba ta san ɗaya daga cikinsu ba. Wadda ta sani ita ce wadda ta tura wa kuɗi, wataƙila maƙwabciyarta ce, ko matar ƙanen mijinta, ko abokiyar karatunta a Islamiyya. Daga "Hajiya, ki ƙara haƙuri, kayan suna hanya," sai a kai ga daina gaisuwa, wani lokaci har gaban mai unguwa ko ofishin 'yan sanda. Gari irin Gombe, inda biki ɗaya ya kan tara rabin masu sayen mutum, labarin rashin cika alkawari ba ya kwana.

Ba a Nijeriya kaɗai aka ga haka ba. A Amurka an kafa wani kantin takalma na intanet mai suna Zappos a 1999. Wanda ya fara shi ya kan shiga shagunan takalma ya ɗauki hotuna ya baza, idan an yi oda ya koma ya saya ya aika. Daga baya su ka shirya da masu yin takalman su riƙa aikawa kai tsaye. Amma a 2003 shugabannin kantin su ka daina wannan tsari gaba ɗaya, ko da ya ke wajen kashi ɗaya cikin huɗu na cinikinsu daga nan ya ke fitowa. Dalilinsu shi ne, ba su da iko a kan abin da a ke aika wa mutane da sunansu, ko ranar da zai isa. Su ka koma tara kaya a nasu sito. A 2009 kamfanin Amazon ya saye kantin da kuɗi mai yawan gaske. Darasin a fili ya ke: cinikin hoto ya yi kyau a fara da shi, a gane abin da jama'a su ke so, amma wanda ya ke son ya daɗe sai ya matso kusa da kayansa.

ABIN DA SHARI'A DA DOKA SU KA CE

Tun da yawancin masu wannan sana'a a Gombe Musulmi ne, ya kamata a san cewa malamai sun daɗe da tattauna irinta. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Sahabi Hakimu ɗan Hizamu ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da mutumin da zai zo neman hajar da ba ya da ita, ko ya halatta ya sayar masa sa'an nan ya je kasuwa ya sayo. Aka hana shi. Hikimar hanin ita ce gudun garari da jayayya, watau ainihin abin da aka lissafa a sama.

Amma Shari'a ba ta rufe ƙofa ba. Akwai wakilci da dillanci, inda mai kaya ya ke ba mutum izinin ya sayar masa a kan lada sananne. Akwai cinikin salam, wanda Buhari da Muslim su ka ruwaito asalinsa daga Ibnu Abbas, inda a ke biyan kuɗi tun farko a kan kaya masu siffa sananniya, da awo sananne, da lokacin bayarwa sananne, nauyin kawowa kuma yana wuyan mai sayarwa. A mazhabar Malikiyya an yarda da sayar da abin da ba ya wurin ciniki bisa siffantawa, har Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa ya yarda a sayar da dilar tufafi bisa takardar da ta bayyana abin da ke ciki, muddin aka buɗe aka tarar da shi yadda aka faɗa. Abinci kuwa an tsananta a kansa, ba a sayar da wanda aka saya sai an karɓe shi. Duk waɗannan hanyoyi sun taru a kan abu ɗaya: mai sayarwa ya bayyana matsayinsa, ya bayyana kayan, ya ɗauki nauyin abin da ya faɗa. Wanda ya ke cikin sana'ar ya kyautu ya zauna da malaminsa ya warware masa yadda ya ke yin nasa cinikin dalla-dalla.

Dokar ƙasa ma ba ta yi nisa da wannan ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta kafa hukumar FCCPC, ta kuma ba mai saye ikon mai da kayan da bai sami damar dubawa ba kafin a kawo masa, idan sun saɓa wa yadda aka siffanta su, ya karɓi kuɗinsa. Rubuta cewa ba a mai da kaya a ƙasan hoto ba ya soke wannan haƙƙi. Mai tallar man shafawa da magunguna da kayan gyaran jiki kuma ya sani cewa rashin lambar NAFDAC a jikin kaya laifi ne da zai iya hawa kansa, ko da bai taɓa riƙe kwalbar ba.

MAFITA

Ba manufar wannan fili ba ce a kashe wa matasa da mata gwiwa. Sana'ar da za ta ba matar aure damar neman na kanta daga ɗakinta, ta ba ɗalibin jami'a kuɗin littafi ba tare da roƙo ba, abar yabo ce. Abin da a ke bukata shi ne a mai da mata abubuwan nan biyu da dillaliya ta ke da su.

Mai shiga sana'ar ya fara zuwa ya ga shagon da zai yi wa talla, ko ya aika wanda ya yarda da shi, domin kuɗin motar Kano sau ɗaya bai kai asarar turmi ɗaya ba. Ya sayi samfuri ya riƙe, ya ɗauki hotonsa da kansa a hasken rana. Su yi yarjejeniya da mai shago tun kafin ciniki na farko, a rubuce ko da a saƙon waya ne, a kan wanda zai ɗauki asara idan kaya sun saɓa ko sun ɓata. Kada ya karɓi kuɗin kowa sai ya tabbatar kayan suna nan a wannan sa'a. Ya gaya wa mai saye gaskiya cewa daga Kano za a turo, ya faɗi rana, ya ƙara kwana ɗaya a kai don halin hanya. Ya ware wani abu daga kowace riba don ranar mai da kuɗi. Idan ciniki ya kankama, ya yi rajistar sunan sana'arsa a hukumar CAC, ya raba asusun ciniki da na cefane. Kayan da ya ga sun fi tafiya kuwa, ya fara sarin su kaɗan-kaɗan ya ajiye, ko su haɗa kuɗi su biyar su ɗauki dila guda a farashin sari su raba.

Mai saye shi ma yana da nasa aikin. Ya tambaya ko kayan suna hannu ko sai an turo. Ya nemi hoton bidiyo, ya ajiye shaidar biya, ya yi hattara da farashin da ya faɗi ƙasa da na kasuwa ƙwarai, domin araha ba ta ado.

Akwai kuma wata dama da 'yan kasuwar Gombe ya kamata su duba. Har yanzu yawancin masu cinikin hoto a garin kayan wasu garuruwa su ke tallatawa, kuɗi suna fita, la'ada kaɗai ta ke zama. Alhali kuwa ga wake da masara da riɗi da gyaɗa a kasuwar Tudun Hatsi, waɗanda mutanen Ikko da Fatakwal da Abuja su ke nema. Ɗan sarin da zai tsabtace kayansa, ya auna su da gaskiya, ya ƙulla su da sunansa a jiki, ya riƙa aikawa a kan lokaci, shi ne masu hoto na waɗancan birane za su riƙa yi wa talla. A wannan ciniki, mai riƙe da kaya shi ne mai ƙarfi, kamar yadda ya ke tun zamanin fatake.

Waya ta rage nisan Gombe da Kano da Gwangzu, amma ba ta canja dokar kasuwa ba. Wanda ya karɓi kuɗi shi a ke tambaya kaya. Allah Ya sa albarka a cikin neman kowa, Ya kuma kare jama'a daga cin amana da cin haram, amin.